Mai Walda da Shuɗiyar Fitila

Tun daga bakin ƙofar ɗakin jarirai mai walda ya hango shuɗin haske kwance a jikin bango. Ya san wannan launin kamar yadda ya san tafin hannunsa. Tun yana saurayi yake zaune da shi a shago, yana kallonsa ta bayan baƙin gilashi, kuma bai taɓa ganin ya yi wa fatar mutum alheri ba.

Ya shiga a hankali. Matarsa na zaune a kan kujerar roba, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta a kan bokiti da aka kife. Kusa da ita ga ɗan gado mai bangon gilashi, a samansa wata doguwar fitila tana zuba haske shuɗi shar. A ƙarƙashin fitilar autarsu ce kwance, jaririyar da aka haifa a makon nan, tsirara, daga ita sai nafkin. An ɗaure mata idanu da wani ɗan ƙyalle mai laushi.

"Me aka yi mata?" ya tambaya.

"Shawara ce, Baban yara," in ji matar. "Ba ka ga idonta ya yi rawaya ba jiya? Sun ce wannan hasken ne maganinsa."

"Haske ne magani? Su waye suka ce?"

"Likita da Sista. Ka zauna mana, ka tsaya mini a ka kamar an zo kama ɓarawo."

Bai zauna ba. Ya matsa jikin gadon, ya kare idonsa da hannu bisa sabo, ya leƙa. Ƙirjin yarinyar na hawa da sauka, haƙarƙarinta sirara kamar wayar ɗaure rodi. Fatarta kuwa, ko takardar shayi ta fi ta kauri.

Shi dai abin da ya sani ya sani. Idan mutum ya yi walda da riga mai gajeren hannu, ba a nan take yake jin komai ba. Sai ya tashi aiki, ya yi wanka, ya ci abinci, sannan damtsensa ya fara raɗaɗi kamar an goga barkono, bayan kwana biyu fatar ta yi ta saɓulewa. Idan kuwa ido ne ya sha hasken, mutum zai ji kamar an cika masa shi da yashi, hawaye ya yi ta zuba, ko fitilar waya ba ya iya kallo. Ya ga ƙarti majiya ƙarfi suna kuka kamar yara saboda wannan shuɗin. Ga shi yau an tuɓe masa 'ya an shimfiɗe ta a ƙarƙashinsa. Rufe idon da aka yi mata ma ya ƙara tabbatar masa da zarginsa. Da ba su san yana cutarwa ba, me ya sa suka rufe? To idon kaɗai ne nata? Sauran jikin na wa ne?

Sista ta shigo, wata dattijuwa mai faɗin kafaɗa da tabarau a kan goshi, takalmanta na ƙara a kan siminti. Ta juya jaririyar rubda ciki, ta gyara ƙyallen idon.

"Sannu, Baban jaririya. Ka zo ganin gimbiya?"

"Sista, wannan hasken ba zai ƙona ta ba?"

"Ba ya ƙuna. Ka kwantar da hankalinka."

"Ni fa mai walda ne."

"Madalla. Ƙofar banɗakinmu ma ta balle, ka tuna mini kafin ka tafi."

Ta fice, don wani jaririn na tsala kuka a ɗaki na gaba. Mai walda ya bi bayanta da kallo. Ya riga ya saba da irin wannan amsar. Haka mai sayar masa da gilashin walda na jabu ya ce masa kwanakin baya, wai ya kwantar da hankalinsa.

Washegari da hantsi ya dawo da leda a hannu. Bai buɗe shago ba, ya biya kasuwa. Ya fito da riga 'yar mitsitsiya mai dogon hannu, da wando, da safa, da hula, duk na auduga mai kauri, irin yadda shi ma yake shiryawa in zai yi aikin yini.

"Sa mata," ya ce da matarsa ƙasa-ƙasa.

"Sista ta ce a bar ta haka."

"Sista ta taɓa riƙe sandar walda? Ki duba nan." Ya naɗe hannun rigarsa, ya nuna mata tabon da ya yi dabbare-dabbare a damtsensa. "Wannan fatar ƙato ce fa, mai aiki tuƙuru. Ita kuwa fa? Ban ce a kashe musu fitila ba. Su sha haskensu, mu kuma mu kare 'yarmu. In kin ji takun Sista, ki cire."

Matar ta dube shi, ta dubi tabon. Haihuwar ta zo mata da wuya, ga rashin barci, ba ta da ƙarfin gardama. Kuma a zamansu ba ta taɓa ganin ya yi kuskure a kan abin da ya shafi wuta da ƙarfe ba. Ta karɓi rigar.

Haka suka yi ta yi. Shi yana zaune kusa da ƙofa yana sauraron takalman Sista, ita tana sawa tana cirewa. Da ya ji ƙwas-ƙwas daga nesa sai ya yi gyaran murya, kayan su shige ƙarƙashin zani. In ya tafi gida da yamma, sai ya bar mata wasiyya kamar mai tafiya wata ƙasa. Ransa ya ɗan yi sanyi, har ya gyara musu ƙofar banɗakin kyauta.

Sai dai idon yarinyar bai washe ba. In an cire ƙyallen za a ba ta nono, farin idon ya ƙara rinewa, rawayar ta sauko har ciki da cinyoyi. Nonon ma ta rage kamawa, da ta ja sau biyu sai barci.

Ranar da asirinsu ya tonu, Sista ba ta sa takalmanta masu ƙara ba. Ruwa ya jiƙa su a hanya, ta ari silifa. Sai kawai suka ga mutum a tsakiyar ɗaki, bayanta wani siririn mutum mai furfura a gemu, rataye da jakar kayan aiki. Jaririya kuwa tana kwance cikin riga da wando da safa da hula, kamar mai shirin tafiya ƙasar ƙanƙara.

Matar ta sunkuyar da kai. Mai walda ya yi tsuru-tsuru.

Sista ta sauke tabaraunta daga goshi zuwa hanci, ta daɗe tana kallon gadon.

"Injiniya," ta ce da mai jakar, "ka yafe ni, na taso ka a banza. Na ce fitilarka ta mutu, ashe tela muka samu a ɗakin." Ta juyo. "Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne," in ji mai walda. "Ita ba ruwanta."

Sista ba ta ɗaga murya ba. Ta fara cire wa yarinyar safa, tana magana tana aiki.

"Baban jaririya, jinin da muka ɗiba da safe ya nuna shawarar ta hau, ba ta sauka ba. Abin da ke sa ta rawaya wani datti ne a cikin jini, hantarta ba ta yi ƙwarin fitar da shi ba tukuna. Hasken nan ta fata yake shiga ya taimaka mata. Ka rufe fatar, ka rufe maganin. In dattin ya yi yawa, ƙwaƙwalwa yake hawa, kuma abin da ya ɓata a can ba ya gyaruwa. In bai sauka ba zuwa gobe, sai mu tura ku babban asibiti a canza mata jini."

Matar ta fashe da kuka marar sauti. Mai walda kuwa tsoron farko bai sake shi ba, sai ma na biyu ya hau kansa.

"To in ta ƙone fa?" ya ce. "Ku ba ku san hasken nan ba. Ni na san shi. Gara in ɗauki 'yata in nemi wani wurin da ke da maganin sha."

"Ba inda za ka kai mini ita," in ji matar, ba ta ko ɗago ba. Bai taɓa jin wannan muryar a bakinta ba.

Injiniya, wanda shi ke gyaran na'urorin asibitin, ya ajiye jakarsa a ƙasa. Ya fito da wata 'yar na'ura kamar waya, ya sa ta ƙarƙashin fitilar, ya duba, ya gyaɗa wa Sista kai alamar lafiya lau. Sannan ya jawo kujera ya zauna kusa da mai walda kamar sun daɗe da sanin juna.

"Malam, walda kake yi? Ta lantarki?"

"Ita."

"To ai gaskiyarka ce ka ji tsoro. Ni ma na taɓa tsayawa kallon masu gyaran gadajen nan, na kwana biyu ina hawaye, matata ta ɗauka wata ce ta yaudare ni." Ya yi dariya shi kaɗai. "Amma bari in tambaye ka. Kana da farin tabarau na kariya, wanda ake sawa in ana gurza ƙarfe?"

"Ina da shi."

"In kana sanye da shi, wani yana walda a gefenka, hasken ya ɗan fizgi idonka, kana kwana da yashi a ido?"

Mai walda ya girgiza kai. "A'a. In da tabarau, da sauƙi. Shi ya sa ba na cire shi a shago."

"Ta cikin farin tabaraun kana ganin shuɗin ko ba ka gani?"

"Ina gani mana. Ai fari ne."

"To shuɗin ya wuce ya shiga idonka, amma yashin bai zo ba. Me tabaraun ya tare ke nan?"



"Akwai wani abu da ke tafiya tare da shuɗin," in ji Injiniya, "wanda ido ba ya gani. Shi ne mai ƙunar. Sista, ara mini rimot ɗin fankar can."

Ya kunna kyamarar wayarsa, ya saita kan rimot ɗin, ya danna. A ido babu komai. A fuskar wayar kuwa sai ga wani ɗan haske yana ƙyaftawa.

"Ka gani? Haske ne, amma idonmu bai kai nan ba. Kana jin rediyo?"

"Kullum a shago."

"To ka san ana cewa gajeren zango, matsakaicin zango. Abin da rediyo ke kamawa da hasken fitilar nan duk dangi ɗaya ne, tafiya suke yi kamar igiyar ruwa, zangon ne kawai ya bambanta. Na rediyo shi ne mai dogon zango, mai sanyin hali. In zangon ya ɗan gajarta, ka zo kan na wayar hannu da na akwatin ɗumama abinci. Ka ƙara matsowa, sai na rimot ɗin nan, shi ne kuma ɗumin da kake ji a fuska in ka kusanci ƙarfen da ka gama yi wa walda, tun ba ka taɓa shi ba."

"Wannan ma haske ne?"

"Shi ne. Daga nan sai ɗan guntun wurin da Allah ya ba idonmu ikon gani, launukan bakan gizo ke nan, daga ja har zuwa shuɗi da shunayya. Da ka tsallake shunayya, ido ya sake makancewa, kuma daga nan dangin suke fara zafin rai, don duk yadda zango ya gajarta, ƙarfin dukansa ƙaruwa yake. Na farkonsu shi ne naka, mai saɓule fata. Akwai shi a rana ma. Gaba da shi sai wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, mai ratsa tsoka. Can ƙarshe akwai wanda ake ƙona ciwon daji da shi, wannan sai a ɗaki mai katanga kamar ta kurkuku."

"Ita walda fa?"

"Walda ba ta da tarbiyya, duk abin da ta samu watsowa take: ɗumin, da shuɗin, da mai ƙunar, a haɗe. Kai kuma shuɗin kake gani, sai ka ɗora masa laifin maƙwabcinsa. Wannan fitilar an ƙera ta ne ta ba da shuɗin kaɗai."

"To me ya sa aka rufe mata ido?"

Sista ce ta amsa. "Kai in aka kwantar da kai rigingine aka haska maka fitila mai ƙarfi yini guda, za ka so? Idon jariri sabo ne, ba ma wasa da shi."

Maganar ta shiga kunnen mai walda, ta kuma zauna daidai. Kansa ya yarda. Cikinsa ne bai yarda ba. Ya dubi 'yar na'urar Injiniya, ya ga ba ta da fata, ba ta san raɗaɗi ba. Ya dubi 'yarsa, an sake tuɓe ta, shuɗin ya lulluɓe ta tun daga wuya har tafin ƙafa.

Ya miƙe ya naɗe hannun rigarsa na hagu har kafaɗa. Ya jawo kujera jikin gadon, ya zura hannun ƙarƙashin fitilar, ya juya cikin damtsen sama, wurin da fatar ta fi laushi, inda walda ta fi saurin kamawa.

"Wannan kuma fa?" in ji Sista.

"Ku bar ta a ciki. Ni ma ina ciki. Abin da ya same ta ya fara samuna."

"Ikon Allah. To matsa gefe, kada ka yi mata inuwa. Kuma ka wanke hannun nan tukuna, har gwiwa, da sabulu. Gadon jarirai ne, ba teburin shago ba."

Ya je ya wanke ya dawo. Injiniya ya ɗauki jakarsa, ya dafa kafaɗarsa. "In ka nuna, a kira ni in zo in juya ka," ya ce, ya fita yana dariya.

Haka ya zauna. Rana ta yi tsaka, ta karkata. Hannun ya yi tsami, ya mutu, ya farfaɗo da tsira-tsira kamar ana soka masa allurai. In salla ta yi, ya je ya dawo ya mayar da shi wurinsa. Masu shara suka shigo suka kalle shi suka fita suna ƙus-ƙus. Uwar jaririn gado na biyu ta tambayi matarsa ko shi ma shawarar ce ta kama shi.

"A'a," in ji matar, "tasa ta fi ƙarfin fitila."

Wannan ce maganar farko da ta yi tun bayan gardamar safe, ko da yake ba da shi ta yi ba. Can da la'asar ta ɓare ayaba ta miƙa masa a baki. Ya ci.

Shi kuwa duk hankalinsa na kan fatar hannunsa. Yana jiran ɗan zafin nan da ya sani, wanda ke farawa kamar tafiyar tururuwa. Wani lokaci sai ya ji kamar ya fara, ya shafa wurin, sai ya ga ashe iskar fanka ce. Kusa da hannunsa, yarinyar ta yi miƙa, ƙafarta ta taɓa yatsansa. Bai janye ba.

Ya san ƙunar walda ba ta nuna kanta da wuri, don haka ko da aka sallami masu ziyara ya koma gida, bai saki jiki ba. Ya yi wanka da ruwan ɗumi da gangan, don shi ke tayar da raɗaɗin in akwai. Ya ba manyan yaran abinci, ya amsa tambayoyinsu sama-sama, yana yi yana shafa damtse.

Da gari ya waye ya fito tsakar gida inda haske yake sosai. Ya jera hannayensa biyu, na hagu da na dama, ya duba. Ya murza, ya matsa, ya ja fatar da farce. Babu ja, babu raɗaɗi, babu bambanci. Ya daɗe a tsaye a wurin. Da hasken shagonsa ne ya sha na yini guda haka, da yanzu ko riga ba ta sawuwa.

Ya isa asibiti kafin a buɗe wa masu ziyara, ya jira a kan benci. Da aka buɗe, ya tarar matarsa ta gama ba da nono, tana neman mayar da yarinyar. Ya wanke hannu ba a ce masa ba, ya karɓe ta, ya kwantar da ita a tsakiyar hasken, ya gyara ƙyallen idon. Har nafkin ɗin ya ɗan naɗe ƙasa don cikin ya samu sosai.

"An ɗebi jinin?" ya tambaya.

"Tun ɗazu. Ana jira."

Suka jira tare. Can yarinyar ta yi wani nishi, fuskarta ta yamutse, wari ya tashi. Matar ta buɗe nafkin, mai walda ya leƙa, sai ya daka tsalle ya yi baya.

"Sista! Sista! Zo ki gani! Kore ne! Kashinta ya zama kore!"

Sista ta shigo ba gaggawa, da 'yar takarda a hannu. Ta leƙa nafkin ɗin, ta yi murmushi.

"Yawwa, 'yar albarka. Baban jaririya, ka daina tara mana jama'a. Shawarar ce ke fita. Hasken ya narkar da ita, ga ta nan tana bin hanyarta." Ta ɗaga takardar. "Jinin ma ya sauka, ya sauka sosai. Ba inda za a tura ku. Ta ƙara kwana ɗaya ko biyu a fitila, mu gani."

Matar ta rufe fuska da tafukanta tana hamdala. Mai walda ya nemi kujera ya zauna. Ya so ya yi wa Sista godiya mai tsawo, ya rasa ta inda zai fara.

"Sista," ya ce daga ƙarshe, "koren nan, haka zai yi ta fita? Ba zai yi yawa ba?"

Matar ta naɗe nafkin ɗin ta danƙa masa a hannu.

"Baban yara, kwandon shara na bayan ƙofa," ta ce. "Je ka zubar, ka dawo ka ci gaba da damuwar."